Daga Karofi Zuwa Injin Duwala: Tarihin Kayan Rini a Hanyarmu ta Garwa



Duk shekara in ranar kafa ƙungiyarmu ta gabato, abin da kwamiti ke fara zama a kansa shi ne anko. A zaɓi launi, a yi ta gardama a kan ado, a tara kuɗi, wasu da sefa wasu da naira, sannan a aika a bugo. Da yawanmu da tufa muke ci da iyalanmu. Mun san atamfa tun daga nesa, mun san shadda da taɓawar yatsa. To amma in aka tambaye mu da wane irin kaya aka sa adon nan a jikin yadi, a wane gari kayan suke, kuma a hannun wa, sai mu fara kallon juna. Shi ya sa bana muka ga ya dace mu waiwayi tarihin kayan rini a wannan hanya tamu. A cikinsa akwai bayanin inda ribar tufa take kwana.

Rijiyar baba

Kayan aiki na farko rami ne. Marina na dā sun fara da manyan tukwanen ƙasa da ake binnewa. Daga baya suka koma haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, su shafe cikinsa da laso. Shi laso da katsi ake haɗa shi, wato dattin da ke kwanciya a gindin marina, a kwashe shi, a shanya, a ƙone, a kwaɓa da dafara da gashin dabba. Ka ga tsohon rini shi ke gina sabuwar marina. Wannan dabara ta sa rami ɗaya ya ɗauki abin da tukwane da yawa ba za su ɗauka ba, kuɗin rini ya sauka, baƙar tufa ta kai ga mutane masu yawa.

A cikin ramin ana zuba ruwa da toka da katsi da busasshen baba. A rufe da kwando, a bar shi kwanaki yana ruɓa, kullum marini na motsa shi da doguwar muciya har kumfa ta taso, ya duba ya ce ya nuna. In an tsoma tufa an ɗago, da farko tsanwa-tsanwa take fitowa, sai ta sha iska ta koma shuɗiya a kan idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ta yi baƙi yadda ake so. Daga nan sai mabuga, inda ake ɗora ta a kan gungumen itace, a barbaɗa shuni, a yi ta dukanta da sanduna har ta ɗauki walƙiya.

Kano ce uwar wannan sana'a. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har gobe. Garin Kura ya yi suna da rawani da turkuɗi har cikin Sahara. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta tufar da ake saƙawa a rina a can a shekara ta kai ta wuri miliyan 300. A wannan shekarar dai ya haye Binuwai ya isa Yola. Ba banza ba har yau in Bahaushe zai ce mai kuɗi, sai ya ce mai hannu da shuni.

Yadda rini ya sauko Binuwai

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina ta buɗe wa fatake. Ayarin Hausawa da na Barebari suka riƙa saukowa da riguna da rawuna da kanwa, suna komawa da hauren giwa, kuma gaskiyar tarihi ita ce har da bayi. Inda madugu ya yada zango, nan masaƙi da marini da maɗinki ke biyo shi. Sunayen unguwannin Garwa sun riƙe wannan labari: Hausare ta Hausawa, Kolere ta Barebari, Fulɓere ta masu gari. A Marwa ma an yi marina masu yawa, galibi a hannun mutanen Barno.

A lokacin tufa ita kanta kuɗi ce. Siraran ƙyallayen auduga da Fulani ke kira leppi, Barebari ke kira gabaga, da su ake sayen hatsi, a biya sadaki, a biya haraji. Wanda ya tsoma fari a baba ya ƙara masa daraja nan take. Saboda haka mai karofi a gari kamar mai gidan canji ne a yau.

Iyaka daga baya ta zo. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka ci Garwa a shekarar. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa, ta faɗa hannun Faransawa. Marina da fatake dangi ɗaya suka wayi gari wannan na biyan kwastan, wancan na biyan duwan.

Allura da zaren tukurwa

Rami launi ɗaya yake bayarwa. In ana son ado, sai an hana baba shiga wasu wurare a jikin yadin. A nan kayan aikin ƙanana ne, ana iya zuba su a aljihu: allura, zare, tsakuwa ko ƙwayar hatsi da ake ƙullewa a ciki, da reza ta warware ɗinki. A Kano mata ne ke ƙulli a cikin gida, maza su rina. A Abekuta Yarbawa na shafa kullun rogo ta cikin farantin kwano da aka huda da siffofi, shi ne adire.

Mu a Kamaru babban misalinmu shi ne ndop, shuɗin yadin nan mai fararen layuka da sarakunan Bamileke da Bamun ke shimfiɗawa a fada, ake ɗaurawa a manyan bukukuwa da zaman makoki. Asalinsa daga wajen Wukari ne, ƙasar Jukun, kuma fatake Hausawa ne suka riƙa kai shi kan tsaunukan yamma. Sarki Njoya na Fumban, wanda ya rasu a Yawunde a 1933, ya ga kuɗin da ke fita wajen sayensa, ya tara masaƙa da marina a fadarsa, aka haƙa masa ramukan baba a nan gida.

Amma hanyar da ta fi daɗewa tana aiki a ƙarnin da ya wuce ita ce ta Garwa. A ƙauyukan arewa ake kaɗa audugar, a saƙa leppi, a ɗinke su su zama babban yadi. Ɗan kasuwa ya ɗauka ya kai Banjun da kewayenta. Can a zana adon, mata su bi layin da zaren tukurwa, su ɗinke tam. A sake ɗaure kayan a hayo da su Garwa, marina Hausawa su tsoma a baba. A kuma mayar da su kudu, a warware ɗinkin, farin ado ya bayyana, a kai kasuwa. Yadi ɗaya, tafiya uku tsakanin Binuwai da tsaunuka, kafin mai shi ya ɗaura.

Mu lura da wurin ɗan kasuwa a nan. Masaƙi bai san mai ɗinki ba, mai ɗinki ba ta taɓa ganin marini ba, yarensu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya haɗa su shi ne mai ɗaukar kaya, shi ke ba da kuɗin auduga tun kafin a saƙa, shi ke jiran watanni kafin uwar kuɗinsa ta dawo, shi ke ɗaukar asara in ruwa ya taɓa kaya a hanya. Ba don shi ba, da allura da rami ba su haɗu ba. Kuma a kowane zango an bar wani abu: manomi ya ci, masaƙi ya ci, mai ɗinki ta ci, marini ya ci, fatoma ma ya sami la'adarsa.

Shunin gwangwani da atamfar jirgi

Canji ya faro daga nesa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin da aka haɗa da sinadari, ba ganye ba gona. A hankali ya iso kantunan Turawa a bakin Binuwai. Marina da yawa suka fara ƙara shi a rami don ya yi saurin kamawa. Daga baya wasu launuka suka biyo, ja da rawaya da kore, waɗanda ake narkarwa da soda a ruwan zafi. Rabin durom da itacen wuta da safar hannu ta roba suka maye gurbin rami da muciya. Aka sami hatimin katako da na soso, ana tsoma su a narkakken kyandir a buga wa shadda kafin a rina. Aikin da ke cin makonni ya koma na wuni ɗaya. Kowa na iya buɗe marina a tsakar gidansa, amma fa kowane garin launi sai an sayo shi daga waje.

Atamfa kuwa asalinta tsibirin Jawa ne a Indonisiya, inda ake zuba kaki da ɗan mazubi ko hatimin tagulla. Mutanen Holan suka kwaikwaya da inji, suka sassaƙa adon a jikin manyan gangunan tagulla masu juyawa. Kamfanin Vlisco, da aka kafa a Helmond a 1846, shi ne ya fi shahara, har muke cewa holan in muna nufin mai tsada. A 'yan watannin damina da Binuwai ke cika, jiragen ruwa kan taso daga bakin teku a Najeriya su sauke atamfa da gishiri da siminti a tashar Garwa, su kwashi auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse wannan hanya, ba ta sake komawa kamar dā ba.

Zamanin masaƙu

Dab da samun 'yanci da kuma bayansa, ƙasashen biyu suka ce su ma za su mallaki injin. A Kaduna an buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo a 1964. A Kamaru aka kafa CICAM a 1965, sai SODECOTON a 1974 mai hedkwata a nan Garwa, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere. Injin buga ado na wannan zamani jerin ganguna ne na ƙarfe masu ƙananan huji, kowace ganga da launinta, yadi na wucewa a ƙarƙashinsu a guje. Abin da mace za ta yi wata tana ɗinkawa, inji ya fitar da ninkinsa kafin a gama gaisawa.

To ga abin lura. An raba aikin CICAM gida biyu: kaɗi da saƙa a Garwa, wanki da rini da buga ado a Duwala. Wato yadi ya ci gaba da bin tsohuwar hanyar ndop daga arewa zuwa kudu, sai dai a wancan zamani ba ya dawowa a rina shi a wurinmu. Fari yake tafiya, ya dawo da ado da farashinsa. Mafi yawan audugarmu ma ko saƙa ba ta gani a gida, a dunƙule take hawa jirgi.

Sauran labarin mun gan shi da idonmu. An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaya suka juya alkibla a dare ɗaya. Atamfar Sin mai araha ta cika kasuwanni, UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. An sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Yau ana buga adon ndop da inji a kan yadi mai sauƙin kuɗi, kuma kada mu ɓoye, a rumfunanmu ake sayar da shi. A hanyar Yola ta Gashiga, ko ta Mubi zuwa Gider, dilolin da muke biya wa kuɗin fito mafi yawansu ba a Kano aka rina su ba, ba a Garwa ba, ba a Duwala ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba mu ce a koma rami a bar inji ba. Talaka na buƙatar zane mai araha, mu ma muna buƙatar ciniki. Abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, duk garin da kayan sa ado suke, can kaso mafi tsoka ke zama. Da suna Kano da Garwa, kakanninmu ne masu hannu da shuni. Da suka ƙaura, muka zama masu dako da jiran ragowa.

Injin Duwala ko na Sin ya fi ƙarfin aljihunmu. Amma allura da durom da hatimi da rami ba su fi ƙarfinmu ba, kuma har yanzu akwai masu sayen aikin hannu da tsada. Ku duba galilar Bamako: da bokiti da sandar bugu matan Mali suka kama kasuwar shadda tun daga Dakar har Kano.

Don haka muke kawo wa taron bana shawara uku. Ta farko, ankon baɗi a ba marinanmu na gida ko da kashi ɗaya ne daga ciki, a biya su rabin kuɗi tun da wuri kamar yadda fataken ndop ke yi. Ta biyu, matasanmu masu waya su je wurin tsofaffin marina da suka rage a Garwa da Marwa da Yola, su naɗi yadda ake haɗa baba da laso daga bakinsu, tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba. Ta uku, mu yi alkawari tsakaninmu cewa wanda ya zo sayen ndop ko adire za mu gaya masa wanne ne na hannu, wanne ne na inji, kowanne da kuɗinsa. In muka sayar da bugun inji da sunan ɗinkin hannu, mun ci haƙƙin mai saye, mun kuma kashe kasuwar mai ɗinkin.

Sakatare zai buɗe rajista a ranar taro ga duk wanda ya san marini ko mai ƙulli da za a iya ba aiki, a kowane ɓangare na iyaka.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share wannan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.