Wace Wuta Za a Ba Mahaƙan Riruwai, Ina Kuma Makomar Ruwan Kadawa?

Manomin rani a Kadawa ba ya haƙar kuza, amma abin da ake yi a duwatsun Riruwai, can ƙaramar hukumar Doguwa, ya shafe shi. Daga tsaunukan kudancin Kano ne ruwa ke gangarowa ta dajin Falgore ya taru a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daga nan babbar magudana ta kai shi gonakin shinkafa, tumatir da alkama na Kura, Bunkure da Garun Malam ba tare da injin famfo ba. Yanzu da hukumomi ke kwaɗaitar da masu jari su koma ga ma'adinai, ya kamata a tsayar da magana kan wutar da za ta juya injinansu. A ganina wajibi ne ta zama wuta mai tsabta, kuma daga rana za a ɗebo ta, a bar ruwan Tiga ya ci gaba da bin jadawalin manomi.

Haƙar ma'adinai da wutar da ba ta hayaƙi ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 1923 aka kafa tashar lantarki mai aiki da ƙarfin ruwa a Kwall domin mahaƙar kuza ta tsaunin Jos, kafin kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya gina tasa a Kurra. Turawan kuza ba tausayin yanayi ne ya kai su ba, tsadar makamashi ce: itace ya yi ƙaranci, kwal kuma sai an yi dakonsa daga Inugu. Wannan lissafi bai tsufa ba. Mahaƙa tana shan wuta wajen zuƙe ruwa daga rami, fasa dutse, niƙa shi da wanke shi, kuma inda layin lantarki bai kai ba, janareto ne ke ɗaukar wannan nauyi. Kowace litar man dizal da aka ƙona tana sakin iskar kabon kusan kilo 2.7, ban da tankokin da ke dakon man daga nesa. Maƙwabtanmu sun riga sun gwada: mahaƙar zinariya ta Essakane a Burkina Faso ta haɗa tashar sola mai megawat 15 a 2018, ta Fekola a Mali kuma mai megawat 30 a 2021, duka domin rage man da suke ƙonawa.

Za a ce, ga Tiga kusa, har gwamnatin Kano ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinta, me zai hana a ja layi zuwa mahaƙa? Hujjar tana da ƙarfi, domin ruwan da ya juya injin ba ya raguwa, yana wucewa ne zuwa gona. Sai dai matsalar a lokaci take. Mahaƙa tana son wuta dare da rana, rani da damina, iri ɗaya. Manomi kuwa buƙatarsa hawa da sauka take yi, ta tsananta a rani, ta lafa idan ruwan sama ya kankama. Da zarar an ƙulla yarjejeniyar sayar wa kamfani wuta ba yankewa, to kwangilar ce za ta riƙa buɗe bakin madatsa. Idan damina ta yi gardama, ruwan da aka saki don wuta a watan da gona ba ta buƙata shi ne za a nema a rasa lokacin da alkama ke fitar da kai. Kuma sakin ruwa shekara cur yana cikin dalilan da suka sa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Megawat 10 ɗin ma birnin Kano kaɗai zai lanƙwame su.

Ƙorafi na biyu shi ne rana tana faɗuwa, hazo kuma yana dusashe faranti. Haka ne, kuma babu mai cewa janareto zai ɓace gobe. A Essakane da Fekola ma sola rage mai take yi. Amma fasa dutse da niƙa ayyuka ne da za a iya tattarawa da rana, batir ya riƙe famfo da iskar rami na wasu sa'o'i, janareto ya cike giɓi. Tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 ta nuna ana iya aikin a wannan ƙasa tamu. Kuɗin farko ne mai nauyi, shi ya sa ƙananan mahaƙa da masu fasa dutse za su buƙaci tasha guda ta haɗin gwiwa maimakon kowa da tasa.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na uku: wuta mai arha tana ƙara yawan dutsen da ake niƙawa, dattin da ake zubarwa ya ƙaru. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, sanadiyyar niƙa dutsen zinariya a cikin gari da gidaje. Da da sola aka juya waɗancan injina, ƙurar ba za ta rage kisa ba. Saboda haka ma'aunin kabon shi kaɗai bai isa ba, musamman a wurin da ke saman ruwan da ake ban shinkafar da Kano ke ci. Ikon ba da lasisin ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, amma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Kano na iya amfani da wannan dama ta sharɗanta wa duk mahaƙar da ke neman izinin kafa tasha a kudancin jihar cewa kaso sananne na wutarta ya fito daga rana, ta killace ruwan wankin ma'adininta, a kuma riƙa auna ruwan kogi kafin ya shiga Tiga, ana miƙa sakamakon ga hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kadawa.