Bakin ruwan Kainji da lissafin iyaka mai motsi

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Kwara ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, ya cinye tsohuwar Busa da tsibirin Foge, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Tun daga nan bakin ruwa a garin Warra da ke gefen tafkin bai ƙara zama wuri guda ba. Cikowa biyu ke ciyar da tafkin: ta damina mai laka, da wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini ta iso da hunturu. Kafin wata daminar ta kankama ruwan kan sauka da kimanin mita 10, sai a iske shanu na kiwo inda masunci ya ɗaure jirginsa.

Masana lissafi na kiran irin wannan matsalar iyaka mai motsi. Wuyarta ita ce ba a sanin tafiyar ruwan sai an san inda ya tsaya, inda ya tsaya kuwa tafiyarsa ce ke yanke shi. Dole a nemo su tare.

Bafaranshe Saint-Venant ya tsara lissafin gudun ruwa marar zurfi a 1871. A 1889 Josef Stefan, mutumin Ostiriya, ya yi nazarin yadda ƙanƙara ke ƙara kauri a kan teku, wadda ita ma matsalar iyaka mai motsi ce. Amsa da alƙalami ba ta cika samuwa ba, sai da kwamfuta ta zo.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka taswirar tafki gida-gida kamar gurbin dara, a riƙa lissafa zurfin kowane gida bayan ɗan lokaci, a ware jiƙaƙƙe da busasshe. A gaɓa ake shan wuya, domin zurfi na kusantar sifiri, kuskure kaɗan sai ya ba da zurfin da ya gaza sifiri, abin da ba ya yiwuwa. A 1988 Stanley Osher da James Sethian suka kawo dabara mai kyau: a ɗauki iyakar a matsayin layin da wani ma'auni ya zama sifiri. Da ita, ko gungu ya ɓullo tsakiyar ruwa ko ya haɗe da tudu, lissafi ba ya rikicewa.

Duk dabarun nan sun dogara ne da awon ƙasan tafki. Laka na taruwa kowace damina, saboda haka tsohon awo ba zai nuna wa manomin Ngaski da ke gefen tafkin inda ruwa zai tsaya bana ba.