Noman Damina a Gadarif da Rabon Kuɗin Bincike a Sudan

A watan Janairun 2006, a birnin Khartum, ministocin Tarayyar Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara domin binciken kimiyya. Sudan ba ta kai wannan mizani ba ko a lokacin da man fetur ke cika baitulmali, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya durƙusar da jami'o'i da cibiyoyi. Kuɗin da za a samu nan gaba kaɗan ne, don haka abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne inda za a fara zuba su. A ganina noman damina na jihar Gadarif ne ya cancanci kaso na farko, kuma a zuba kuɗin a aikin gona na shekara da shekaru kafin a yi maganar sabbin gine-gine.

Tarihi na goyon bayan wannan ra'ayi. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka shigo da tarakta yankin Gadambaliya da ke Gadarif domin noman dawa, a 1968 kuma aka kafa hukumar noman inji da tallafin Bankin Duniya, aka yanka daji gonaki-gonaki masu faddan (ma'aunin faɗin gona) dubu ko fiye. Daga nan Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Sai dai bunƙasar ta faɗi ce: idan gona ta gaji, a share wani dajin. Shi kuwa binciken noma, tun daga gonar gwaji ta Jazira da aka buɗe a 1918 har zuwa Hukumar Binciken Noma mai hedikwata a Wad Madani, audugar ban ruwa ce ta raine shi, kuma can hankalinsa ya fi karkata. Ko Hajin Dura-1, dawar aure ta farko da Gebisa Ejeta da abokan aikinsa suka fitar a 1983, ta fi karɓuwa a gonakin ban ruwa. Hukumar na da tasha a Gadarif, an kuma kafa jami'a a garin a 1994, amma ƙarfinsu bai taɓa yin daidai da girman abin da jihar ke nomawa ba.

Tambayoyin da ke jiran amsa a fili suke ga duk wanda ya san wannan ƙasa. Baƙar laka ce mai tsagewa da rani har hannu ya shige, idan ta sha ruwa kuma ta yi danƙon da tarakta ba ta iya shiga, don haka kwanakin shuka ƙalilan ne. Shekaru ana bi ta kanta da faifan huɗa iri ɗaya, ana maimaita dawa a kan dawa ba taki ba hutu, har ƙuduji, wanda mutanen Sudan ke kira buda, ya samu wurin zama. Wannan ciyawa tana kama saiwar dawa tun tana ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga furenta ta riga ta shanye shukar, irinta kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Riɗi na da tasa matsalar: da zarar ya bushe kwansonsa ya buɗe ya zube, dole a yanke shi da hannu cikin 'yan kwanaki, aikin da ya dogara da leburorin da yawancinsu ke tsallakowa daga Habasha. Wace shuka za a riƙa sauyawa da dawa a arewacin jihar mai ƙarancin ruwa, wace kuma a kudu? Wane irin riɗi ne zai jira inji? Damina ɗaya ba ta amsa irin waɗannan. Sai an maimaita gwaji a fili guda shekaru masu yawa, da mai a mota da albashin da zai hana ma'aikaci ƙaura.

Za a ce ƙasar da ke fama da yunwa da 'yan gudun hijira ba ta da sukunin bincike, a bar wa masu ba da agaji. Hujja ce mai nauyi, amma labarin cutar kala'azar a Gadarif ɗin kanta ya nuna iyakarta. Haɗin gwiwar ƙungiyar DNDi mai binciken magunguna da Cibiyar Cututtukan Yanki ta Jami'ar Khartum, da gwaje-gwajen da aka yi a wurare irin su Kassab, ya taimaka wajen rage kwanakin allura daga 30 zuwa 17, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Kuɗin waje sun yi rawar gani a nan domin magani abu ne da za a gwada, a kammala, a kai wasu ƙasashe. Amma ɗan ƙwaron da ke yaɗa cutar, mai zama inda itatuwan aduwa da talha suke a kan baƙar laka, har yau yana cizon mutanen ƙauyukan bakin kogin Rahad da Atbara, ciki har da na Hausawa. Bibiyarsa ƙauye-ƙauye aiki ne marar ranar ƙarewa, mai ba da tallafi kuwa da wa'adi yake zuwa. Haka abin yake ga ƙasar noma da iri. Lokacin da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023, ma'ajiyar irin shuka ta ƙasa da ke garin ta shiga haɗari, sai da aka ceto abin da ya samu, aka kai wani kaso rumbun Svalbard na ƙasar Norway a 2025. Ajiya a ƙanƙara ta tsare irin daga ɓacewa, amma ninka shi da gwada shi a gonar Gadarif nauyi ne da babu mai ɗauka sai gwamnatin Sudan.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa: manyan gonakin Gadarif na attajirai ne, da yawansu mazauna birni, me zai sa dukiyar jama'a ta yi musu hidima? Gaskiya ne noman inji ya cinye burtali da makiyaya, ya kuma matse ƙananan manoma. Amma wannan dalili ne na gindaya sharaɗi a kan kuɗin. A wajabta cewa wani tsayayyen kaso na gwaje-gwajen a gonakin ƙananan manoma za a yi shi, da irin da suke iya ajiyewa su sake shukawa, a kuma sa makiyaya cikin masu zaɓen abin da za a bincika. Attajiran su ma su biya: a yanki wani abu daga harajin da ake karɓa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, a rubuta shi cikin doka da sunan tashar bincike da jami'ar jihar, na tsawon shekaru goma a jere, ta yadda sauyin minista ba zai katse gwajin da aka fara ba.