Tsakuwar da ke cikin shinkafar Haɗeja

Duk wanda ya girma a gidan da ake dafa shinkafa 'yar Hausa ya san ƙarar ƙwarya cikin ruwa, lokacin da iyayenmu mata ke rege tsakuwa kafin a ɗora tukunya. Mun ɗauki abin kamar ruwan sama, ba wanda ake tuhuma. Alhali tsakuwar nan ba daga fadama take zuwa ba. A wurin bugu take shiga, a kan ƙasa tsirara, sai kuma wurin shanya, bayan mata sun turara shanshera sun baza ta a bakin titi.

Fadamar kogin Haɗeja ta daɗe tana ba da shinkafa, tun kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, waɗanda suka sauya yadda ambaliya ke sauka har zuwa Nguru. Kasuwa kuwa tana da hanyarta ta jin koke. Mai saye ya damƙi shinkafa, ya murza, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce ta cika gari ko ba ta bushe ba. Dillali ya kai maganar ga mai kaya, farashin mudu ya sauka, mako mai zuwa a gyara. Amma wannan hanya a bakin kasuwa take tsayawa. Matar da haƙorin mijinta ya ci karo da dutse a Kano ko Legas ba ta da dillalin da za ta aika.

Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, shinkafar waje ta cika birane, masu saye suka koma can ba tare da sun ce uffan ba. A ganinmu wannan shirun ya fi kowace gasa cutar da manomin Auyo da na Guri. Mu da ke rubuta manhaja mun san bambancin: wanda ya rubuto ya ce ga inda ta tsaya, ga abin da ya latsa, ya ba mu aikin gobe, wanda ya goge ta daga wayarsa bai bar mana komai ba.

Gwamnati ta gwada rufe ƙofa. Babangida ya hana shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage dokar a 1995, tsakuwa tana nan daram. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya daina ba masu shigo da ita dala, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne waya tana hannun kowa. Mai shago a Singa yana iya ɗaukar hoton dutsen da kwastoma ya dawo da shi, ya tura wa mai injin casa kafin la'asar, sunan kamfanin kuma yana jikin buhu. Masu casa da dama suka sayi injin cire tsakuwa, manoma suka fara shimfiɗa tamfol a wurin bugu da shanya.

A 2024 gwamnati ta ɗage haraji na ɗan lokaci kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafa. Ta waje ta sake samun hanya, kuma masu saye a birni suna da inda za su koma ba tare da sun buɗe baki ba.