Zangon Makarantu da Rufe WiMAX a Amurka

Ranar 6 ga Nuwamban 2015 ce kamfanin sadarwa na Sprint ya tsayar domin kashe sabis ɗinsa na WiMAX a faɗin Amurka. Ana jajibirin ranar, wata alƙaliya a jihar Massachusetts mai suna Janet Sanders ta ba da umarnin a dakata na kwana 90 a birane da dama. Masu ƙarar su ne ƙungiyoyin da ke bayan Mobile Beacon da Mobile Citizen, waɗanda ba neman riba suke yi ba. Aikinsu sayar wa makarantu da ɗakunan karatu da gidajen masu ƙaramin ƙarfi intanet maras iyaka a kan dala 10 a wata, kuma sun shaida wa kotu cewa mutum kusan 300,000 ne za su wayi gari babu sabis.

Kamfanonin waya sun sha rufe tsohon sabis, kuma galibi abin da mai waya yake samu bai wuce saƙon tes da ke cewa ya je ya sauya na'ura ba. To ina waɗannan ƙananan ƙungiyoyi suka samo ƙarfin tsayar da kamfani kamar Sprint? Amsar tana cikin wata doka da aka yi fiye da shekara hamsin kafin wannan shari'a, lokacin da ba a san wayar hannu ba.

Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo domin kamo sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus a kan mita 16 ko 19 ya riga ya san tushen maganar. Iskar da saƙo ke bi rabe take zango-zango, kuma in tashoshi biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, babu wadda za a ji. Saboda haka gwamnati ce take yanka ta kamar filaye, ta ba kowa lasisin nasa. Ba a ƙera sabon zango a masana'anta. Wanda yake son shuka sabon abu, ko dai ya sayi filin wani, ko ya tuge abin da ya shuka a nasa.

A 1963 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta keɓe zangon da ke tsakanin megahaz 2500 da 2690 domin talabijin na koyarwa. Nufin shi ne malami ɗaya ya tsaya gaban kyamara a ɗaki guda, ɗalibai a makarantu da yawa su kalle shi. Jami'o'i da hukumomin ilimi na gundumomi da cocin Katolika suka karɓi lasisi kyauta. A lokacin babu mai kwaɗayin wurin. Zango ne mai tsawo, saƙonsa ba ya nisa, ba ya ratsa bango da kyau, kayan aikinsa kuma da tsada. Tashoshi da yawa suka zauna babu mai amfani da su, kamar gonar gado da magada suka bari ta zama saura.

A 1983 hukumar ta yanki wani sashe ta ba 'yan kasuwa, ta kuma halatta wa makarantu su ba da hayar abin da suka rage. Daga nan makaranta ta zama mai gida, kamfani ya zama ɗan haya. 'Yan hayar farko masu sayar da tashoshin talabijin ta iska ne, kuma yawancinsu sun karye a shekarun 1990 da tauraron ɗan adam ya shigo kasuwa. Sprint da WorldCom suka kwashe lasisinsu da yarjejeniyoyin hayarsu a 1999. WorldCom ya rushe a 2002, rabonsa ya koma hannun Nextel. A 2004 hukumar ta sake tsara zangon domin ya dace da intanet, amma ta bar sharaɗin cewa masu lasisin ilimi su riƙe aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinsa domin koyarwa. Da Sprint da Nextel suka haɗe a 2005, gonakin biyu suka zama a hannu ɗaya, sai hukumar ta gindaya musu sharaɗi: cikin shekara shida dole sabis a wannan zango ya kai ga mutum miliyan 30.

Wannan wa'adi yana da hannu a abin da ya biyo baya. Sprint yana da fili mai faɗi, yana da lokaci ƙayyadadde, fasahar da ta nuna a lokacin kuma ita ce WiMAX. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta tsara ta, wato gidan da Wi-Fi ya fito, kuma an amince da nau'inta na tafi-da-gidanka a ƙarshen 2005. Kamfanin Intel ya tsaya mata da kuɗi, yana fatan kowace kwamfutar cinya ta zo da ita kamar yadda take zuwa da Wi-Fi. Koriya ta Kudu ta fara nata nau'in, WiBro, a 2006. A Agustan wannan shekarar Sprint ya sanar cewa WiMAX ya zaɓa. LTE, wadda daga baya ta cinye kasuwa, tana kan takarda a lokacin.

A gefe guda akwai Clearwire na Craig McCaw, attajirin da ya gina babban kamfanin wayar salula ya sayar wa AT&T tun a 1994. Shi ma yana ta tattara haya a wannan zango, kuma a 2006 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da ƙungiyoyin ilimin da daga baya suka kafa Mobile Beacon da Mobile Citizen. Cikin abin da za a biya su har da layukan intanet da za su raba wa makarantu da mabuƙata. A riƙe wannan, domin nan ne ƙullin labarin.

Sprint ya buɗe sabis ɗin a birnin Baltimore a Satumban 2008 da sunan Xohm. Kafin shekarar ta ƙare ya haɗa zangonsa da na Clearwire, su Intel da Google da Comcast da Time Warner Cable da Bright House suka zuba dala biliyan 3.2. A Yunin 2010 wayar HTC EVO 4G ta fito, ita ce ta farko da aka tallata a Amurka da sunan 4G, ana kuma cajin mai ita ƙarin dala 10 a wata ko da WiMAX bai iso garinsu ba. Sprint ya riga kowa da kusan shekara biyu.

Sau da yawa ana ba da labarin kamar WiMAX ta faɗi ne domin LTE ta fi ta inganci. Ni ban gamsu da wannan ba. A fasahance 'yan'uwa ne na kusa, dukansu suna yayyanka zango zuwa ƙananan layuka masu yawa su raba wa masu amfani. Bambancin yana wajen dangi. LTE 'yar gidan GSM ce, kamfanonin waya na duniya kuma sun riga sun saba da wannan gida, da katin sim ɗinsa, da yarjejeniyar da ke sa wayarka ta yi aiki in ka tsallaka iyaka. Verizon ya sanar da zaɓen LTE a ƙarshen 2007, AT&T ya bi. TeliaSonera ya kunna LTE na farko a Stockholm da Oslo a Disambar 2009. Yota na Rasha, ɗaya daga cikin manyan masu WiMAX a duniya, ya ce zai sauya sheƙa a 2010. Mai ƙera waya yana duba inda miliyoyi suke, kuma Apple bai taɓa sa WiMAX a iPhone ba.

Sai kuma matsalar filin kansa. Verizon ya kunna LTE a Disambar 2010 a kan megahaz 700, zangon da aka karɓe daga tsohon talabijin, wanda ke tafiya nesa yana ratsa gini. Zangon Clearwire yana buƙatar turakun sadarwa masu yawan gaske kafin ya rufe gari guda, mutum kuma yana shiga ɗaki sabis ya ragu. Kuɗi suka ƙare wa Clearwire kafin gini ya ƙare, faɗaɗawa ta tsaya cak. Sprint da kansa ya fara LTE a 2012 a wani zangon daban.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, daidai lokacin da sabis ɗin ke mutuwa ne farashin kamfanin ya tashi. A Disambar 2012 Sprint ya taya sauran hannun jarin Clearwire a kan dala 2.97 kowanne. Kamfanin Dish ya shigo ya ƙara, aka yi ta ja har Sprint ya biya dala 5 a Yulin 2013. Washegarin kammala cinikin, SoftBank na Japan ya mallaki Sprint a kan dala biliyan 21.6. Babu wanda yake sayen WiMAX a cikinsu. Shugaban SoftBank, Masayoshi Son, yana da irin wannan zango a Japan, China Mobile ma yana shirin LTE a kansa, ke nan za a samu wayoyi masu araha da ke jin yarensa. A manyan birane Clearwire yana riƙe da fiye da megahaz 100, faɗin da babu wani kamfanin Amurka da yake da irinsa. Tsohuwar saurar makarantu ta zama fili a tsakiyar kasuwa, WiMAX kuma ta zama rumfar da ta tsone wa mai shirin gina bene ido.

Mu masu rubuta manhaja mun saba da ritayar tsohon tsari. Sai a ba da sanarwa, a bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na wani lokaci, a tura gyara ta intanet. A nan babu wannan sauƙin. Tsoho da sabo ba sa zama a yanki ɗaya na zango, kuma kunnen da ke jin WiMAX ƙerarre ne a cikin na'urar, babu gyaran da za a turo ya koya masa LTE. Ranar da aka kashe turke, modem ɗin da ke kan tebur ya zama abin danne takarda. Masu hali sun daɗe da sauya waya. Waɗanda suka rage su ne waɗanda dala 10 ɗin nan ce kaɗai intanet ɗin gidansu, da ɗakunan karatun da ke ba da aron modem kamar yadda suke ba da aron littafi.

Sprint bai ce zai yasar da su ba. Ya ce su koma LTE, amma da zarar layi ya ci gigabait 6 a wata za a rage masa gudu sosai. Ga mai duba saƙonni a waya wannan ya isa. Ga ajin da yara talatin ke amfani da layi ɗaya, kwana kaɗan ne. Ƙungiyoyin suka ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar 2006, wadda Sprint ya gada ranar da ya sayi Clearwire, suka shigar da ƙara a Oktoban 2015. Sprint ya ce su ne suka yi jinkirin shirya mutanensu, alhali an daɗe da ba su sanarwa, kuma jinkirin yana hana miliyoyin wasu samun sabis mafi sauri. Wannan hujja ta ƙarshe ba ƙarya ba ce. Zangon da aka tsare wa mutum dubu ɗari uku zai iya ɗaukar ninkinsu da yawa a sabuwar fasaha, kuma ban ga laifin kamfani don ya so tuge tsohuwar shuka ba. Abin tambaya shi ne wa zai biya kuɗin ƙaura, kuma me zai tarar a sabon gida.

Kotu ta saurare su ne a matsayin masu gida da ɗan haya yake neman sauya wa sharuɗɗa. Talaucin mutanen da suke yi wa hidima ya shiga lissafin alƙaliya wajen auna ɓarnar da za a yi, amma ƙofar shiga kotun takardar haya ce. Mutumin da ya sayi modem na Clear da kuɗinsa a kanti ba shi da irin wannan takarda, tasa yarjejeniyar ta ba kamfani damar rufe sabis bayan sanarwa. Bayan kwana 90 ɗin aka ƙara wa'adi, aka riƙa kashe birane rukuni-rukuni yayin da ake raba sababbin na'urori. Turakun ƙarshe sun yi shiru a ƙarshen Maris na 2016.

A daidai waɗannan watanni aka yi makamancin cinikin a Nijeriya. A Janairun 2016 MTN ya sayi Visafone, kamfanin da Jim Ovia ya kafa, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙarfi cikin masu fasahar CDMA bayan durƙushewar su Starcomms. Abin da ya fi daraja a kamfanin shi ne zangonsa na megahaz 800, mai kyau ga 4G, shi ya sa abokan hamayyar MTN suka yi ta ƙorafi a kan mallakarsa. Masu layin Visafone an mayar da su kan sabis na MTN, wayoyi da modem na CDMA kuma suka tashi daga aiki. A can babu wata makaranta ko ƙungiya da take da haƙƙin mallaka a zangon, balle a nemi yardarta.

Sprint kansa bai daɗe a filin ba. T-Mobile ya haɗiye shi ranar 1 ga Afrilun 2020, ya kafa ƙashin bayan 5G ɗinsa a kan wannan zango na megahaz 2500, sannan ya kashe LTE na Sprint a tsakiyar 2022, shekara goma kacal da kunna shi.

Dokar da ta ba ƙungiyoyin nan ƙarfi kuwa an riga an warware ta. A Yulin 2019 FCC ta soke sharaɗin cewa sai cibiyar ilimi ce za ta riƙe lasisi a zangon, ta soke na keɓe wani kaso domin koyarwa, ta halatta wa makarantu su sayar wa kamfani kai tsaye. Hujjarta ita ce yawancin masu lasisin sun daɗe da zama masu karɓar kuɗin haya kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. An ba ƙabilun asalin Amurka da ke karkara damar fara neman wuraren da babu mai su a 2020, sauran aka yi gwanjonsu a 2022, T-Mobile ya kwashe kimanin kashi 90 cikin ɗari na lasisin da aka sayar. Yarjejeniyoyin shekara 30 da aka sa wa hannu a 2006 za su ƙare a 2036, kuma duk makarantar da ta sayar da lasisinta kafin nan ba za ta kasance a teburin ba ranar da za a kashe 5G.