Alu Mai Sango: Sarkin da Takobi Ya Naɗa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya taɓa jin sunan Alu Mai Sango a bakin kakanni. Amma mu marubuta, da muka cika kasuwa da littattafan soyayya, mun bar labarinsa a zaure yana shan ƙura.

Aliyu Babba ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Mahaifiyarsa Saudatu kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, wato sunan kakansa ya ci. Ya taso tsakanin karatu da hawan doki, har aka san shi da malanta. Sai dai 'ya'yan Maje Karofi suna da yawa, ba shi ne ake hangowa a kan gado ba.

Basasa ce ta fito da shi. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fice zuwa Takai bayan yayansu Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko tun ba a ci birni ba, ragama ta koma hannun Alu. A 1894 ya shigo Kano da ƙarfin yaƙi, a 1895 aka kashe Tukur a Tafashiya. Ko bayan nan bai sauke sirdi ba, ya yi ta gwabzawa da Damagaram.

Irin wannan tashi yana tuna mana da Nafoliyon na Faransa. An haife shi a tsibirin Kosika a 1769, ya shiga makarantar soja ta Biriyan yana ɗan shekara 9, ya zama hafsan igwa yana da 16. Shi ma hargitsin gida ne ya ɗaga shi: juyin juya halin Faransa ya ba shi janar a 1793, ya naɗa kansa sarki a 1804.

Ƙarshensu ma ya yi kama. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Kanar Molan suka ci Kano da igwa, Alu yana can wajen Sakkwato. A hanyar dawowa ya rabu da rundunarsa da dare. Waziri Ahmadu ya ja sauran, ya faɗi a Kwatarkwashi. Aka kama Alu, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Nafoliyon ma ya taɓa sulalewa ya bar sojojinsa a Masar a 1799, ya kuma mutu a tsare a tsibirin San Helena a 1821.

To ina bambancin? Nafoliyon ya zauna a tsibirin nan yana shibta wa mabiyansa labarinsa, shi ya sa duniya ta ji hujjarsa. Daren da Alu ya bar runduna kuwa, galibi daga rahoton waɗanda suka ci shi muke karanta shi. Tsoro ne, ko niyyar hijira, ko gudun zubar da jinin Musulmi a banza? A cikin wannan dare ɗaya akwai littafi guda.

Gidajen da suka yi Basasa suna nan cikin ganuwa, jikokinsu na riƙe da abin da aka faɗa musu. Tsoho in ya tafi, da taskarsa yake tafiya. Mu ɗauki alƙalami mu je mu durƙusa gabansu tun da sauran rana.