WURAREN GANI A BIRNIN LANDAN: LABARIN YARINYAR DA UBANTA YA RAINA

Na lura duk wadda Allah Ya nufa da zuwa Landan daga cikinmu, in ta dawo aka je yi mata sannu da zuwa, hirar ba ta wuce leshi da takalmi da jaka da turare, sai kuma sanyin garin. In ka ce mata me kika gani, sai ta ce ai kullum tana Titin Oksfod wajen kantuna. Ban ga laifin kowa ba, don ni ma da jerin sautun mutane na tafi, shafi biyu cur. Amma akwai wurare uku da nake roƙon duk mai zuwa ta ware musu yini guda ko da sautun wani zai bi ruwa, kuma zan faɗa muku dalili.

Ƙanwata ce ta haihu a can, maigidanta yana karatu, aka tura ni in je in kula da ita. 'Ya mace ta samu, ta uku ke nan a jere. Ranar suna ana ta bugo waya daga gida, sai wata daga dangin miji ta ce mata, "Au, an kuma? To Allah Ya kawo magaji." Maganar ba ta fi haka ba, amma wallahi ta zauna mata a rai. Sai in farka da dare in ji tana kuka a hankali, tana shayar da yarinya. Da ta yi arba'in maigidan ya ce, "Yaya, ki fita da ita ta sha iska." Muka naɗe jaririya a bargo, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar da ke gaban Hasumiyar Landan, wadda Turawa ke kira Tawa.

Wannan shi ne wuri na farko. Kada sunan ya ruɗe ku, hasumiya ba ɗaya ba ce, gari ne guda a cikin ganuwa, a bakin kogin Tems. Wani sarki ne mai suna Wilyam, wanda ya ƙetaro daga Nomandi ta Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya fara gina farin sorayen da ke tsakiya wajen 1078, don mutanen Landan su ɗaga kai su gani su san sun samu ubangida. Kaurin bangon daga ƙasa ya kai ƙafa 15. Daga nan wurin ya zama fada, ya zama ma'ajiyar makamai, ya zama gidan buga kuɗi, har gidan namun daji ya yi, sannan ya zama gidan yarin manya. Masu gadinsa tsofaffin sojoji ne, kowannensu sai ya yi shekara 22 yana aikin soja kafin a ɗauke shi, kuma sai a 2007 aka fara sa mace a cikinsu. Za ku ga baƙaƙen hankaki suna yawo abinsu, ana ba su nama, don camfinsu ya ce ranar da suka gaza shida sarauta za ta rushe. Ashe camfi ba a gidanmu kaɗai ya kwana ba.

Mafi yawan baƙi layin kayan sarauta suke bi, kuma lalle a bi shi. A nan ake ajiye kambunan sarakuna, guda ɗaya kawai yana ɗauke da lu'ulu'u 2,868. Akwai dutsen Kulinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, wanda babban yankinsa ke kan sandar sarki, akwai kuma Kohinur da aka karɓe daga Funjab ta Indiya a 1849. Ki kalla ki more idonki, amma ki tuna daga ƙasar wasu aka kwaso. Mu dai abin da ya tsayar da mu ba zinariya ba ce, wani ɗan fili ne mai ciyawa a gaban ƙaramar majami'a, inda aka kafa wani abin tunawa na gilashi mai siffar matashin kai, da sunaye zagaye da shi. A nan mai gadin da ke zagayawa da baƙi ya tsaya ya ba da labarin da zan ba ku.

Sarki Henri na Takwas ya hau gado a 1509, ya auri Katarina, 'yar sarkin Sifen. Ta yi ciki sau da yawa, wasu suka zube, wasu aka haifa ba rai, namiji ɗaya ya zo a 1511 ya yi kwana 52 ya koma. Wadda ta rayu ita ce 'ya mace, Meri, da aka haifa a 1516. Sarki ya sa wa ransa cewa mace ba za ta iya riƙe ƙasa ba, dole sai namiji. Addininsu bai ba shi damar ƙara aure ba, don haka ya nemi Fafaroma ya raba auren, Fafaroma ya ƙi. Maimakon ya haƙura, sai ya janye ƙasar Ingila gaba ɗaya daga ƙarƙashin Roma, a 1534 majalisa ta naɗa shi shugaban cocin ƙasarsa. Ku duba fa, neman ɗa namiji ya canja addinin al'umma guda. Matar da ta yi sama da shekara ashirin a gidansa aka ce ma auren bai taɓa ɗauruwa ba, aka raba ta da 'yarta, ta mutu a keɓe.

Wadda ya yi duk wannan dominta ita ce An Bolin, ɗaya daga cikin matan da ke yi wa uwargidan hidima a fada. Ya aure ta a 1533 tana da ciki. Masu duba suka ce namiji ne, har an rubuta takardun albishir da sunan yarima, aka shirya wasan dawaki. Ranar 7 ga Satumba sai ga 'ya mace. Aka gyara takardun da alƙalami, aka soke wasan, aka sa wa yarinya Elizabet. A watan Janairu na 1536 An ta yi ɓarin ciki, aka ce namiji ne. Daga nan tauraruwarta ta faɗi. Ranar 2 ga Mayu aka kama ta, aka kawo ta wannan gida ta kogi, aka zarge ta da neman maza biyar har da ɗan'uwanta na jini, zargin da yawancin masana tarihi suke ganin ƙage ne. Ranar 19 ga Mayu aka sare kanta da takobi, wanda ya yi aikin daga Kale aka ɗauko shi takanas. Ko makara ba a tanadar mata ba, a akwatin kibau aka sa gawar, aka binne ta a cikin majami'ar nan da muke tsaye gabanta. 'Yarta ba ta cika shekara uku ba, aka shelanta cewa shegiya ce, ba ta da gado.

Kashegari aka yi baikon sarki da Jen Simo, bayan kwana 11 da kisan aka ɗaura aure. Ita ce ta haifa masa namijin, Edwad, a 1537, amma jego ya tafi da ita cikin kwana 12. Ya ƙara aure uku bayanta: ɗaya ya saka bayan wata shida, ɗaya ita ma aka sare kanta a wannan fili a 1542, ta ƙarshen ce ta ga bayansa. Mata shida, ba wani ɗa kuma. Na juya na dubi ƙanwata, na ga ta ƙanƙame jaririyarta a ƙirji, ba ta ce komai ba.

To yaya ta ƙare da magajin da aka zubar da jini dominsa? Henri ya mutu a 1547, Edwad ya hau gado yana ɗan shekara 9, ya rasu yana da 15, bai yi aure ba balle ya haihu. Sarauta ta koma hannun matan da aka raina. Meri ta hau a 1553, kuma da yake tana zargin ƙanwarta da hannu a wani tawaye, a 1554 ta sa aka kulle Elizabet a wannan gida da aka kashe uwarta, ta yi kusan wata biyu ba ta san ko za ta fita da kanta a wuya ba. Ba a samu hujja a kanta ba, aka sake ta. A 1558 Meri ta rasu ba ɗa, sarauta ta faɗo wa Elizabet tana da shekara 25.

Daga bakin Hasumiya akwai jirgin ruwa da ke kai mutum Westminsta, shi muka shiga, kuma ina ba ku shawarar ku ma ku bi ta nan, don rabin garin za ku gani kuna zaune. Kafin ku tashi ku waiga ku kalli gadar nan mai soro biyu da ke buɗewa jirage su wuce, an gama ta a 1894. Kuna sauka za ku ga majalisar dokoki da dogon agogon da muke jin bugunsa a rediyo. Big Ben sunan ƙararrawar ciki ne, mai nauyin sama da tan 13, ta fara bugawa a 1859.

Tsallaken titi sai wuri na biyu, majami'ar Westminsta, inda ake naɗa sarakunansu tun 1066, har zuwa Sarki Cals a 2023. Ginin da ke tsaye yanzu an fara shi a 1245. A nan aka ɗora wa Elizabet kambi ranar 15 ga Janairu, 1559, ta yi shekara 44 tana mulki, ta fi ubanta daɗewa. Ta tarar da ƙasa a yamutse da rikicin addini da bashi, ta lallaɓa ta daidaita ta. A 1588 sarkin Sifen, wanda ya fi kowa ƙarfi a Turai a lokacin, ya turo jiragen yaƙi kusan 130 don ya tumɓuke ta, jiragenta da guguwa suka tarwatsa su. Ta ƙi aure har ta mutu a 1603, kuma wadda ta ga abin da aure ya yi wa uwarta ba a cika yi mata tambaya ba. Ban ce waliyyiya ba ce. Ta sa hannu aka kashe 'yar'uwarta sarauniyar Sikotlan, ta kuma ba da aron jirginta ga wani ɗan fataucin bayi da ya zo gaɓar Afirka ta Yamma a 1564. Mulki ta yi irin na sarakunan zamaninta, da kyawunsa da muninsa. Abin da dai ubanta ya ce mace ba za ta iya ba, ta yi shi fiye da shi.

Ku nemi kabarinta a can ƙuryar majami'ar. An sassaƙa siffarta da farin dutse tana kwance, kuma rami ɗaya suke da yayarta Meri da ta taɓa ɗaure ta. Shi kuwa Henri, da ya tsara wa kansa ƙasaitaccen kabari, ba a taɓa gama shi ba, yana can Winsa ƙarƙashin wani falalen dutse a daɓe, baƙi suna wucewa ta kansa. Akwai wani zoben Elizabet da ya rage har yau, mai buɗewa, da ƙananan hotuna biyu a ciki, ɗaya nata, ɗayan ana kyautata zaton na uwarta ne.

Wuri na uku tafiyar ƙafa ce ta cikin lambu mai tafki da agwagi, zuwa fadar Bakingham mai ɗaki 775. Mutane suna zuwa kallon sojojin nan masu jan kaya da doguwar baƙar hula suna canjin gadi, amma ku ɗaga kai ku dubi wadda ke zaune a kan farin dutse a ƙofar fadar. Sarauniya Biktoriya ce, ta hau a 1837 tana da shekara 18, ita ta fara zama a gidan, ta yi shekara 63. Sai Elizabet ta Biyu, wadda iyayenmu ke ba mu labarin hawan dabar da aka yi mata a Kaduna a 1956, ta yi shekara 70, daga 1952 zuwa 2022. Duk da haka sai a 2013 suka gyara dokarsu, suka daina barin ƙane ya tsallake yayarsa ya hau gado don kawai shi namiji ne. Su ma ɗin sun daɗe kafin su gane.

Abu ɗaya ne ya ƙara ba ni tausayin An Bolin. Likitoci sun tabbatar cewa ƙwan mace iri ɗaya ne, daga ruwan namiji ake samun abin da ke sa ciki ya zama namiji ko mace. Wato an saki mace, an kashe wata, a kan abin da ba ya hannunsu ko kaɗan, shi ma mijin ba zaɓinsa ba ne. Yau ba a sare kan kowa, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa habaicin yake fitowa daga bakin mu mata, ranar barka, mai jego tana kwance?

Da yamma muka koma gida a gajiye, ƙafafu sun kumbura, don haka ku sa takalmi marar tsini, ku riƙe rigar sanyi, ku kuma sammaka, layin tikiti yana da tsawo. A cikin jirgi ƙanwata ta buɗe bargo ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, sannan ta ce, "Yaya, gobe ki buga gida ki ce musu magajiya tana gaishe su." Na buga kuwa, na faɗa. Sautun mutane rabi na samu na saya, har yau wasu suna min mita. Allah Ya raya mana zuri'a, maza da mata, Ya sa masu albarka ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.